Ranar rigakafi a asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu

Ɗana yana da sati shida na kai shi allurar Penta ta farko, wato rigakafin cuta biyar a haɗe, a asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu a Kano. Ƙarfe bakwai da rabi na isa, na tarar da mata sun cika benci, kowacce da goyo da katin rigakafi a hannu. Aka ɗora shi a sikeli, aka ɗiga masa maganin shan inna a baki, ko kwabo ba a karɓa ba.

Ma'aikaciyar da ke teburin allura ce ta sa nake yabon wurin. Tana buɗe akwatin sanyi na ce, "Sista, surukata ta ce in bari ya ƙara ƙwari, wai allurar nan tana sa zazzaɓi." Ba ta yi tsaki ba. Ta ce, "Maman jariri, babu cuta mai rai a kwalbar nan. Ɓurɓushinta ne da aka karya wa lago. Fararen ƙwayoyin jininsa za su gan shi, su haɗa makamin yaƙarsa, su riƙe kamanninsa. Ranar da ta gaske ta shigo, sun riga sun san ta." Zazzaɓin kuwa, in ji ta, jiki ne ya kama aiki. Ta ƙara da cewa garkuwar da ya samu daga jinina tun yana ciki aro ce, cikin 'yan watanni take raguwa, dole jikinsa ya koyi haɗa tasa.

Cuta biyar allurar ke tarewa, har da tarin shiƙa, ciwon hanta da mashaƙo. Duk wanda ya ga yadda mashaƙo ya kwantar da yara a Kano a 2023 ba sai an roƙe shi ba.

Inda suka gaza: rumfar ba ta isa ba, rabinmu a rana muka tsaya. Allurar BCG ta tarin fuka da ake yi wa sabon haihuwa kuma rana ɗaya suke yi a mako, saboda kwalbar in an haɗa ta awa shida take yi a zubar. Dalili ne mai kyau, amma da sun rubuta a bango, da ban yi zuwa biyu da ɗanyen jego ba.

Da daddare cinyar ta ɗan kumbura, jikinsa ya yi ɗumi, na ba shi farasitamol daidai awon da ma'aikaciyar ta nuna min. Kwana biyu ya ware. An rubuta mana komawa in ya cika sati goma, kuma da lemata da ruwana zan tafi.