Lamba ɗaya a waya biyu, ko lamba biyu a waya ɗaya?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya albarka a sabon shago, ya kawo kasuwa. Tsakanin abu biyun da kika ji WhatsApp ya ƙaro, wato buɗe lamba biyu cikin waya ɗaya da kuma ɗora lamba ɗaya a kan waya biyu, na biyun za ki ɗauka. Duka na taɓa su da hannuna. Ɗaya ina kansa har gobe, ɗayan kuwa sati uku na yi da shi na ajiye.

Bari in ba ki labarin ranar da abin ya shiga raina. Ana saura kwana 12 ƙaramar sallah na tashi Kano sarin atamfa da leshi a Kantin Kwari. Kin san hanyar: a bar Maradi bayan asuba, Ɗan Issa, Jibiya, Katsina, sannan a miƙe. Da can duk ranar da na yi wannan tafiya, ranar asara ce a wajen cinikin waya. Ana ƙetare iyaka rezo ya ɗauke, saƙonni su taru, mata su yi ta tambaya "Hajiya, akwai ruwan toka?", "Hajiya, nawa turmi?", ba mai amsawa sai dare. Mai neman kayan sallah kuwa ba ta jira, shago na gaba take wucewa.

A wannan tafiyar sharjin wayata ya ƙare tun kafin mu bar Katsina. Ashe a daidai lokacin wata baiwar Allah daga Tasawa, wadda ban taɓa gani ba, ta rubuto tana son ankon bikin ɗiyarta, turmi 40, kala ɗaya. Ɗiyar yayata da ke zama mini a shago ta ga saƙon a wayar shago, ta amsa da lambata, ta ɗauki hoton kala huɗu ta tura, suka daidaita a kan kuɗi. Matar ta turo hoton takardar NITA, kamfanin nan na tura kuɗi, yarinyar ta je ta karɓo, ta ɗaure kaya ta kai tasha kafin la'asar. Ni duk ban sani ba, ina cikin cunkoson Kwari ina taya leshi. Sai da na isa masauki na jona waya, na buɗe, na ga cinikin daga sallama har "kaya sun iso, mun gode", a jere kamar ni na rubuta. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Matar nan yanzu bikin ƴaƴa uku ta yi da kayana, kuma ita ta haɗa ni da masu saye a Agye da Gazawa.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne wayar da aka haɗa ba ta rataye a wuyan uwar wayar ba. Kowace da kanta take shiga intanet ta karɓi saƙo. Ko taki tana kashe, ko tana inda babu rezo, ko an ɗauke kuran kwana biyu ba ki samu sharji ba, ta shago tana aiki muddin akwai mega a cikinta. A watan Afrilun 2023 suka buɗe wannan ga wayoyi, kafin nan kwamfuta ake haɗawa. Kuma har na'ura 4 za ki iya ɗorawa bayan taki, ko da yake ni ban ga dalilin wuce ɗaya ba sai shago ya yi rassa.

Haɗawar ba ta kai minti biyar ba. Ki sauke WhatsApp daga Play Store a wayar shago, amma da ya tambaye ki lamba kada ki rubuta komai. Ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, ki zaɓi inda ya ce a haɗa ta da wata waya, sai wani zane mai kusurwa huɗu ya fito. Ki koma wayarki, ki shiga Appareils connectés idan da Faransanci take, ki haska zanen da kyamara. Shi ke nan. Kada ki biya kowa ko dala a kan wannan.

To, ga inda yake da iyaka, don kada gobe ki ce ban faɗa miki ba. Idan uwar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a cikinta ba, duk waɗanda aka haɗa za su fita da kansu. Ma'ana idan taki ta lalace, kada ki jefa ta cikin durowa ki ce ai ta shago na aiki, ki gyara ko ki maida lambar kan wata kafin sati biyu. Tsofaffin hirarraki ma ba duka suke biyowa ba, na kusa-kusa ne ke sauka, saboda haka lissafin bashin bara yana wayarki. Jerin nan da ake tura saƙo ɗaya ga mutum har 256 a lokaci guda, shi ma daga uwar wayar ake yinsa, kuma wadda ba ta ajiye lambarki ba ba za ta gani ba.

Amma babbar iyakar, wadda ta fi duk waɗannan nauyi, ita ce wayar shago tana ganin komai. Komai fa. Hirarki da maigida, maganar da kika yi da Inna a kan rikicin gado, hoton da aminiyarki ta turo miki a asirce, duk wanda ya riƙe wayar nan zai karanta, kuma zai iya rubutu da sunanki. Yarinyar da ke zama mini jinina ce, a hannuna ta girma, na yarda da ita ɗari bisa ɗari, duk da haka akwai abin da bai kamata yaro ya gani na manyansa ba. Ba rashin yarda ba ne, kunya ce da tsare mutunci. Kuma shago wuri ne na shige da fice, waya na kan tebur, ana auna yadi, wani ya ɗauka ya duba ba wanda ya lura. Saboda haka kada ki kuskura ki haɗa lambarki ta gida. Ki yanki sabon layi na shago kaɗai, shi za ki rubuta a allo da leda, shi za ki ɗora a waya biyun.

A nan ne za ki ce to ai kenan ina buƙatar lamba biyu a wayata, ta gida da ta shago. Gaskiya ne, amma ba sai kin bi ta waccan hanyar ba. Ki sa lambar shago a WhatsApp Business, a wayarki da ta shago duka, ta gida ta zauna a WhatsApp ɗin da kika saba. Manhaja biyu ne daban, suna zama lafiya a waya ɗaya, kowace da ƙararta. Kyauta ne, tun 2018 yake. Akwai wurin jera kaya da hoto da farashi har guda 500, akwai saƙon da ke amsawa da kansa idan kin rufe shago, akwai alamar launi da ake liƙa wa hira. Ni ja na sa wa masu bashi, kore ga waɗanda suka biya ana jiran a aika musu. Ƙarshen wata ina taɓa ja sunayen su fito a jere, ba sai na buɗe littafi ba.

Shi kuwa lamba biyu cikin WhatsApp ɗaya, wanda suka kawo wa Android a Oktoban 2023, yana da amfaninsa ga ma'aikacin da ke son raba lambar ofis da ta gida. Ɗaya ce ke buɗe a lokaci guda, sai kin sauya kafin ki karanta ta biyun, kuma duka biyun suna cikin jakarki, ranar da kika yi tafiya shago ya zama kurma. Iyakarsa kenan.

Saboda shi ne ma na yi sayen da har yau nake jin zafinsa. Wani mai tebur ya nuna mini waya mai layi biyu, fes da ita, ya rantse daga Dubai ta zo, ya ce ai lamba biyu wasa ne a wurinta. Na ba shi jikka 35. A kwali an rubuta ma'ajiya giga 128, da na kai wa ɗan ƙanena ya duba ciki sai ga 16, an yi wa tsohuwa sabon murfi ne kawai. Kwana goma ta cika da hotunan atamfa, in na taɓa sauya lamba sai ta tsaya tana tunani har mai saye ta gaji. Da na koma, tebur ɗin ma babu shi a wurin.

Tunda wayar shago za ki saya, ki buɗe kunne da kyau a nan, ko da ba ki tambaya ba. Akwai masu zubar da iPhone 6 da 6 Plus da 5s a farashi mai daɗin ji, musamman ga mata, don sun san sunan na jan ido. WhatsApp ya daina aiki a kansu tun 2025, saboda yanzu sai iOS 15.1 zuwa sama, su kuma ba sa wuce 12. Duk wanda ya ce miki zai "buɗe" miki ita, ƙarya yake. A ɓangaren Android ma, tun Oktoban 2023 duk wadda ba ta kai 5.0 ba an bar ta a baya, kuma wannan layin gaba yake matsawa, don haka wadda ke bakin gaɓa ma ki bar musu kayansu. Kada ki yarda da abin da ke jikin kwali. Ki sa a kunna, ki shiga Paramètres da idonki ki ga girman ma'ajiya da lambar Android, a sauke WhatsApp a gabanki daga Play Store, sannan ki fito da kuɗi. Wanda ya ce babu lokaci, ki wuce.

Sai masu cewa za su sa miki "na musamman", mai launi-launi, wanda ke nuna saƙon da aka goge kuma yake ɓoye cewa kin karanta. Ba na kamfanin ba ne, shi ya sa ba ya cikin Play Store sai dai a turo miki daga wata waya. Kamfanin yana rufe lambar da ya kama da irinsa, farko na ɗan lokaci, daga baya gaba ɗaya. Ki yi tunanin lambar da kika buga a leda dubu, mata daga Dakoro har Madarumfa suka ajiye, a wayi gari ta mutu saboda kwalliyar launi. Kuma ba ki san wanda ya ƙera shi ba, balle inda hotunan takardun kuɗin mutane ke zuwa.

Hanyar haɗawar nan da na yaba, ita ma ɓarayi sun gano ta. Kin ba da waya gyara ko sharji a buɗe, minti ɗaya ya ishi mutum ya haska zanensa, ya koma gida yana karanta cinikinki. Ranar da mai saye ta ce za ta turo kuɗi, sai ya riga ki ba ta wani suna. Duk Juma'a ki leƙa Appareils connectés, in kin ga abin da ba ki sani ba ki fitar da shi nan take. Ki kunna kullen nan na biyu mai lamba 6 da ke kanki kawai. Lambobin tabbatarwa na WhatsApp da ke shigowa ta SMS kuwa, ko wa ya kira, ko ya ce daga kamfanin layi yake, ko ya ce shugaban ƙungiyar ƴan kasuwa ne zai sa ki cikin tallafi, kada ki karanta masa.

Layin shagon ya kasance na nan gida, Airtel ko Moov ko Zamani, duk wanda ya fi kamawa a layinku, kuma da takardarki aka yanke shi, ba ta yaron shago ba. Na san waɗanda suka gina ciniki a kan layin Najeriya don arhar mega, da aka rufe layukan da ba a haɗa da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, ba a 2024, WhatsApp ɗinsu ya ci gaba da tafiya har ranar da waya ta faɗi ruwa. Sabuwar waya ta nemi lambar SMS, layi kuma ya mutu.

Akwai ƙananan abubuwa biyu uku da za su yi miki amfani a waya biyun. Idan kin rubuta farashi ba daidai ba, kina da minti 15 ki gyara, amma zai nuna an gyara, don haka ki bi da kalma ɗaya ta ban haƙuri kada mai saye ta zaci wasa ake mata da hankali. Hoton kaya ki taɓa HD kafin ki tura. Yana cin mega, amma leshi ruwan zuma ba zai isa Tasawa yana ruwan ƙasa ba, kuma ya rage mini dawo da kaya sosai. Abin nan na mayar da saƙon murya rubutu da suka kawo a ƙarshen 2024 kada ki sa rai da shi, ba ya jin Hausa, mu kuwa cinikinmu rabi da kwata murya ce. Sannan tun 2024 ajiyar hira a Google tana cin cikin giga 15 ɗin nan na kyauta, ki cire bidiyo daga ciki in ba haka ba wata uku ya cika ya daina ajiyewa ba ki sani ba.

Ki sayi sabuwar Android a kwalinta ba a ɓare ba, Tecno ko itel ko Infinix, mai ma'ajiya giga 64 aƙalla, a shagon da ke da ƙofa da rasit. Ba sai mai tsada ba, aikinta hoto da amsa saƙo. In kin shigo kasuwa ranar Litinin ki biyo ta wurina da wayoyin biyu cike da sharji, da sabon layin a cikin taki, mu haɗa su kafin azahar. Ki taho da yarinyar da za ta zauna miki, in nuna mata yadda ake jera kaya.