Sharhi kan ulogd2: mafita ga mai kwantenar da ba ta ganin saƙonnin kanel

Kwantenar LXC, wato keɓaɓɓen tsarin Linux da ke gudana cikin wata babbar saba, ba ta da kanel (zuciyar tsarin) nata na kanta, na babbar sabar take ara. Shi ya sa idan ka buga dmesg, umarnin nuna saƙonnin kanel, a kwantena marar cikakken iko sau da yawa sai a hana ka, rsyslog, manhajar tattara log, kuma ya yi ta ƙorafin cewa imklog, sashensa mai karanta saƙonnin kanel, ya kasa buɗe /proc/kmsg. Ma'ajiyar saƙonnin guda ɗaya ce ta kowa da kowa, kuma mai sabar yana da hujjar rufe ta, don kada ka leƙa sirrin maƙwabta.

Abin da yawancin mutane ke nema a can shi ne rahoton fakitin bayanai da iptables, katangar tsaron Linux, ya toshe. A nan ulogd2, manhajar da ke rubuta irin wannan rahoto a fayil, ya yi rawar gani. Dokar LOG ta iptables ba ta rubuta komai daga cikin kwantena, sai in mai sabar ya kunna saitin kanel na nf_log_all_netns, kuma ko ya kunna, saƙon wurinsa zai tafi, ba wurinka ba. Shi kuwa ulogd2 ta hanyar NFLOG, wata dokar iptables da ke miƙa fakiti ga manhaja, yake karɓar fakitin kai tsaye, bai ratsa ma'ajiyar kanel ko kaɗan.

A Debian girka shi layi ɗaya ne: apt install ulogd2. Sai ka sauya dokar zuwa -j NFLOG --nflog-group 0 --nflog-prefix "AN-TOSHE ", sannan ka duba /var/log/ulog/syslogemu.log. Layukan kusan irin na kern.log ne, fayil ɗin saƙonnin kanel, da SRC (adireshin mai aikowa) da DST (adireshin da aka nufa) da DPT (tashar da aka nufa), don haka grep ɗinka na da zai ci gaba da aiki. Kar ka manta da -m limit --limit 5/min a dokar, don taƙaita yawan rubutun. Masu laluben tashar 22, ta shiga saba daga nesa (SSH), ba sa barci, za su cika maka faifai kafin ka ankara.

Inda ya gaza shi ne fayil ɗin ulogd.conf. Layin stack, mai jera sassan da fakiti zai ratsa, yana da wuyar karantawa, kuma idan lambar rukunin (group) da ke cikin fayil ɗin ta saɓa da ta dokar iptables, fayil ɗin log zai zauna wayam ba tare da wani gargaɗi ba. Haka ma idan ba a loda nfnetlink_log, sashen kanel da NFLOG ke buƙata, a babbar sabar ba, babu abin da za ka iya daga ciki, sai ka roƙi mai sabar. Saƙonnin faifai da na OOM (ƙarewar ƙwaƙwalwar RAM) kuwa ba aikin ulogd2 ba ne. Mai buƙatarsu ya koma KVM, inda kowace saba ke da kanel nata. Shi kuma imklog, sa # a gaban layinsa cikin /etc/rsyslog.conf ya daina damun ka.