Mako 8 ina zuwa gashin ƙashi saboda gwiwa

Yadi nake sayarwa a Kasuwar Wunti, wuni nake a tsaye, kuma shekara 3 ke nan gwiwata ta dama tana damuna. Da hunturun bara ya shigo Bauchi, abin ya kai na koma sallah a kan kujera. Wannan ne ya fi yi mini ciwo fiye da gwiwar kanta, ina ganin sa'o'ina suna kai goshi ƙasa ni ina zaune a ƙarshen sahu.

Kafin nan haɗi nake sha daga wani kemis, ƙwayoyi 4 a ƙulle a leda. Ciwon yakan lafa, amma cikina ya fara zafi kamar an zuba barkono. Da na je asibiti, likita ya duba ledar ya ce akwai diclofenac da ibuprofen a ciki, kuma su biyun jinsi ɗaya ne, haɗa su na iya jawo gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda. Hoton ƙashi ya nuna guringuntsin gwiwar ya fara zaizayewa, sai ya tura ni sashen gashin ƙashi.

Na tafi da tunanin za a gasa mini gwiwar a murza ta. Sai matashin da ke dubana ya taɓa ta, ya ji ta kumbura tana da ɗumi, ya ɗauko ƙanƙara a naɗe cikin tawul. Na ce, "Ɗana, sanyi ne ya kama ni, kuma sanyi za ka ƙara mini?" Ya ce, "Baba, gaɓar da ta kumbura tana zafi ba a ƙara mata wuta. Minti 15 kawai." Da aka cire, fatar ta daina sheƙi, na iya lanƙwasa ƙafar fiye da yadda na shigo. Gasa ta da ɗumi sai daga baya, bayan kumburin ya sauka.

Akwai wata na'ura da ake manna wa fata, ka ji kamar kiyashi na tafiya a jikinka. Tana rage zafi na ɗan lokaci, shi ke nan.

Abin da ya yi aiki na haƙiƙa shi ne wanda na raina. In kwanta a tabarma, in miƙe ƙafa in ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, in ƙirga 10, in sauke, sau 10 safe da yamma. Sai kuma a naɗe tawul a sa ƙarƙashin gwiwa in danna shi da ƙarfi. Ranar farko cinyata rawa ta dinga yi tun a ƙirga ta 6. Matashin ya bayyana mini cewa naman gaban cinya shi ke tallafe gwiwa, kuma da na daina takawa sosai saboda ciwo sai ya saki, nauyi ya koma kan gaɓar. Ya ce duk kilo 1 da na rage, gwiwa za ta huta da kusan kilo 4 a kowane taku, don haka tuwon dare ma na rage shi. Maimakon ƙwayoyin, likita ya ba ni diclofenac na shafawa, wanda kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini, kuma cikina ya lafa.

Inda ban ji daɗi ba shi ne jira. Ma'aikatan ba su da yawa, wani lokaci in je ƙarfe 8 sai kusan azahar a kira ni, ga shago a rufe. Wanda ke zuwa daga ƙauye ya fi ni shan wahala, ga kuɗin mota ga kuɗin zama. Kuma sun faɗa mini gaskiya tun farko, guringuntsin da ya tafi ba zai dawo ba, motsa jikin kuma ba a daina shi.

A mako na 6 na ajiye kujerar a sallar asuba. Zaman tahiya har yanzu sai na ɗan karkatar da ƙafar gefe, tashi daga sujada kuma ina dafa ƙasa da hannu biyu. Na riga na kai yayata, wadda kafaɗa ke hana ta ɗaura ɗankwali, an ba ta ranar Talata.