Shagon cajin bakin tasha da manhajar da ake yi wa tambaya kan siyasar duniya

A bakin tashar motar ƙauyenmu, kan hanyar da ta tashi daga Gumel ta nufi Maigatari, akwai wani shagon kwano da wani matashi ya buɗe domin cajin waya da cire kuɗi ta POS. Faifan sola biyu ne a kan rufin, batura suna ƙarƙashin tebur, sai wani allon katako mai soket birjik inda ake jera wayoyi, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba don kada a yi musaya. Tun bayan damina ya ƙara wata hidima, wadda ita ce dalilin wannan rubutu: ya sanya manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI), wadda ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa, a wayarsa, yana rubuta wa mutane wasiƙa da takardar neman aiki da ita, yana fassara musu saƙonnin Turanci, yana kuma miƙa mata tambayoyin da 'yan majalisar yamma suka yi ta gardama a kansu ba su daidaita ba. Na shafe kusan wata huɗu ina zuwa, wani lokaci da tawa buƙatar, wani lokaci ina zaune ina sauraron ta wasu.

Kuɗinsa ba su da nauyi. Caji naira 100 ne, wasiƙa tare da bugawa a takarda naira 500, tambaya kuwa kyauta ce ga wanda wayarsa ke kan allo. Da yake da hasken rana yake aiki, bai shiga halin da masu janareta suka shiga ba tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na rantsuwa, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A fannin wasiƙa ba ni da ƙorafi. Takardar da ya rubuta wa ƙanena ta neman gurbin karatu ta fito tsaf, kuma sai da ya karanta masa ita da Hausa, layi bayan layi, kafin ya buga.

Inda na fi sa ido shi ne tambayoyin siyasa da al'amuran duniya, domin mutanen wannan yanki ba baƙin labarai ba ne. Tun 1957 Sashen Hausa na BBC ke watsa shiri, kuma akwai dattawa a nan da ba su taɓa shiga aji ba amma za su lissafa maka shugabannin Amurka da na Faransa a jere, saboda shekarun da suka yi rediyo na kunnensu. Irin waɗannan mutane ba a burge su da zance mai santsi, sai an zo da hujja.

Wata Laraba da yamma, ana gobe kasuwar Maigatari, wani dattijo dillalin shanu ya ce a tambayar masa dalilin da ya sa rigimar sojoji a Yamai ta karya masa ciniki a shekarar 2023. Matashin ya rubuta, ya karanta amsar da ƙarfi, kuma gaskiya ta yi bayani a tsare: juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum na Nijar ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, takunkumin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar, rufe iyaka da yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke ba ta, sannan haɗin kan Mali da Burkina Faso da Nijar a ƙawancen ƙasashen Sahel. Dattijon yana ta gyaɗa kai. Da ya ƙara tambaya ko ƙasashen uku sun fita daga ECOWAS, sai manhajar ta amsa kamar har yanzu maganar tana matakin barazana, alhali ficewar tasu ta tabbata tun ranar 29 ga Janairun 2025. Dattijon ya ɗago ya ce, “Yaro, wannan abin naka ya kwana a hanya.” Matashin bai yi musu ba. Ya ce, “Gaskiya ne, Baffa, karatunta ya tsaya a wani lokaci, abin da ya faru bayan nan sai mun bincika a wani wuri.”

Wannan amsa ta sa na ƙara yarda da shagon. Irin waɗannan manhajoji, waɗanda suka bazu tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, ana horar da su ne da tarin rubuce-rubucen da aka tattaro zuwa wani lokaci, daga nan sai su riƙa harhaɗa kalmomin da suka fi dacewa su biyo juna. Idan ba a haɗa su da binciken intanet kai tsaye ba, sabon labari yakan wuce su, kuma muryar da suke faɗin daidai da ita, da ita suke faɗin kuskure. Rubutun Hausa da ke intanet kuma kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turanci, shi ya sa Hausarta takan fito a sandare, kamar ta wanda ya koyi harshen daga takardar gwamnati. Na lura matashin yakan yi tambayar da Turanci idan batun mai nauyi ne, sannan ya mayar da amsar Hausa da bakinsa, kuma hakan ya fi armashi nesa ba kusa ba.

Mafi amfanin bayanin da na ji a wurin shi ne na taki. Manoma da dama sun san buhu ya yi tsada, sun kuma ji ana danganta abin da yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke ranar 24 ga Fabrairun 2022, amma igiyar da ta ɗaure biyun ba ta fito musu fili ba. Manhajar ta warware: Rasha na cikin manyan masu fitar da taki a duniya, ita da Belarus suna da kaso mai yawa na sinadarin fotash, yuriya kuma da iskar gas ake yin ta, saboda haka tsadar gas tana binta. Nijeriya tana sarrafa yuriya a masana'antun Dangote da Indorama, amma fotash da fosfet da ake haɗa NPK da su daga waje ake shigo da su, da dala, ga shi darajar naira ta zube bayan an sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023. Wani manomin riɗi ya ce yau ne ya fahimci cewa bugu biyu aka yi masa, ɗaya daga Turai ɗaya daga Abuja. A ganina ko wannan kaɗai ya isa a ce hidimar ta biya kuɗinta.

A siyasar gida kuwa ƙafar manhajar ba ta taka ƙasa sosai. Ta san an ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, ta san ƙananan hukumomi 27 ne, ta san Gwamna Umar Namadi ya hau mulki a 2023. Da aka gangaro kan mazaɓa da kansila da aikin rijiyar burtsatse, sai ta fara kame-kame, har ta ambaci wani suna da babu wanda ya taɓa jin sa a ƙasar Gumel. Wannan ya tayar mini da hankali ƙwarai, domin da a ce babu wanda ya san gaskiyar a wurin, da sunan ƙarya ya shiga gari a matsayin abin da “kwamfuta ta faɗa”. Da wani ya ce a tambaye ta wa ya kamata a zaɓa a 2027, ta ƙi tsayar da kowa, ta ce a duba ayyuka da alƙawura. Wasu sun ji haushi, ni kuwa na ga ta kyauta, domin ƙuri'ar talakan da ya san nawa ya sayi kwanon gero bana ba ta buƙatar umarnin na'urar da aka ƙera a wata nahiya.

Akwai aikin da matashin ke yi ba tare da manhajar ba, kuma ya cancanci yabo. Bidiyoyin Kyaftin Ibrahim Traoré, shugaban mulkin sojan Burkina Faso, suna yawo a WhatsApp kamar wutar daji, da yawansu haɗin ƙirƙirarriyar basira ne. Na ga ya karɓi wayar wani saurayi, ya tsayar da hoton, ya nuna masa yadda leɓe ke motsi daban da sauti, da yadda rubutun jikin kaki ya cakuɗe ba ya karantuwa. Saurayin yana ƙaunar Traoré, kuma yana da 'yancin hakan, amma ya tafi ya san cewa wannan jawabin dai ba a taɓa yin sa ba.

Nakasun shagon guda biyu ne suka fi damuna, ban da sabis da kan ɗauke da zarar hadari ya taso. Na farko shi ne rashin sirri. Benci ɗaya ne, kowa yana jin wasiƙar kowa, kuma na taɓa ganin an rubuta lambar NIN ta wani cikin manhajar yayin cike wata takarda, abin da bai dace ba tunda bayanan suna tafiya rumbun kamfanin da ke ƙetare. Na yi wa mai shagon magana a gefe, ya karɓa da ladabi, ya ce, “Malam, in sha Allahu ba za a kuma ba,” kuma tun daga ranar da hannu yake cike irin wannan gurbi bayan an buga takardar. Na biyu shi ne mata ba sa iya zama a wurin saboda cunkoson maza, sai dai su aiko yara, yaro kuwa ba zai iya isar da tambayar uwarsa kan rancen ƙungiya ko awon ciki yadda take so ba. Matashin ya ce yana shirin ware safiyar Asabar domin su, ƙanwarsa da ta gama sakandare ta zauna a teburin.

Ga mai son wasiƙa, ko fassara, ko a warware masa asalin wata rigima ta duniya da ta kwana biyu, ina ba da shawarar wannan shago ba tare da shakka ba. Ga labarin yau da na jiya, da duk abin da ya shafi ƙaramar hukumarmu, har yanzu rediyona nake kunnawa, kuma na ga shi ma matashin ya rataye wata ƙarama a jikin ƙusar da ke saman allon caji, yana ƙara mata murya idan lokacin labarai ya yi.