Shekara uku da ɗan ƙaramin hemi na Toyota a cikin Ford 1927

Injin da ke cikin motar nan tawa 3T-C ne na Toyota, daga jikin wata Corolla ta 1981 aka ciro shi, ita kuma motar bodin Ford Model T ne na 1927, irin mara rufin nan mai cin mutum biyu. Yau shekara uku kenan ina hawanta a nan Teksas, rani da sanyi, shi yasa naga ya kamata in faɗi abin da na gani da idona, mai daɗin da mara daɗin, tunda ko a cikin 'yan uwanmu da ke zaune a nan akwai masu tambayata wai me ya kai ni saka injin Japan a motar da ta girmi kakana.

Ga wanda bai san harkar ba, irin motar nan tawa hot rod ake ce mata, wato tsohuwar motar Amurka ce ake ɗauka, yawanci Ford ta kafin yaƙin duniya na biyu, a sauke mata duk wani nauyin da ba dole ba, fenda, bamba, wani lokacin har rufin, sannan a dasa mata injin da ya fi nata ƙarfi. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka faro abin tun shekarun 1930, suna fita busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage suna gwada wa ya fi gudu. Ni da na koyi kanikanci a Kaduna, inda kullum ake ciro injin wannan mota a saka wa waccan don dai a samu ta tashi, ranar da na fara ganin motocin nan sai naji kamar na dawo garejin maigidana. Bambancin kawai mu a gida larura ce take sa mu, su kuma sha'awa ce.

Toh menene hemi ɗin. Ka ɗauki ƙwarya ka kifa ta a kan fistan, shikenan ka ga siffar ɗakin da wuta ke kamawa a cikin top ɗin injin. Bawul ɗin shigar mai yana wannan gefen, na fitar hayaƙi yana wancan gefen, sun karkace suna fuskantar juna, fulogi kuma yana can tsakiyar ƙwaryar daga sama. Saboda haka iska ba ta shan kwana, ta shigo ta nan ta fice ta can, ga bawul manya saboda akwai fili, wutar ma daga tsakiya take tashi ta bazu ko'ina lokaci guda. Chrysler ce ta yi suna da wannan tsarin, ta fito da FirePower 331 a 1951, DeSoto, reshen Chrysler ɗin, ta biyo baya a 1952, Dodge, ita ma reshenta, ta kawo Red Ram 241 a 1953, sai babban yayansu 426 da ya bayyana a 1964. Duk mai hot rod a ƙasar nan mafarkinsa kenan, ya buɗe bonet a ga faffaɗan murfin nan da wayoyin fulogi suna nutsewa ta tsakiyarsa.

Nima mafarkina kenan da farko, ba zan ɓoye ba. Amma da na je na tsaya a gaban wani hemin Chrysler 392 da ake sayarwa naga girmansa, jikina yayi sanyi. Abu ya haura kilo 300, motar tawa gaba ɗayanta ba ta wuce 750 ba, idan na ɗora mata wannan a hanci sai na canja sifirin, na canja birki, na ƙara wa shasi ƙarfe, sitiyari ya koma kamar na tirela, ga kuɗin da ake kira masa tun kafin a taɓa shi da sifana ya fi abin da na tanada don motar baki ɗaya. Na kuma duba Daimler 2.5 na Ingila, shima hemi ne, ɗan V8 (silinda takwas) mai cc 2,548 da Edward Turner ya zana, mutumin da yayi suna a baburan Triumph, injin da aka fara sakawa a motar Daimler SP250 a 1959, yana ba da ƙarfin doki 140. Wallahi injin nan kyakkyawa ne, har yau in na gan shi sai na tsaya. Matsalar ita ce duk gaskit ɗin da ya lalace sai ka jira saƙo ya tsallako teku, ni kuma mota nake so in hau ba ta kallo ba.

Wani abokin aikina ɗan Puerto Rico ne ya fara ce min in leƙa tsohuwar Corolla. Su can tsibirinsu 3T-C kamar sarki yake, suna saka masa turbo su dasa a ƙananan Starlet da Corolla suna tseren kwata mil da shi. Ya buɗe min bonet ɗin tasa, ina ganin murfin nace kai, ai wannan rabin Chrysler ne. Fulogi huɗu a jere ta tsakiya, kowanne cikin bututunsa, kabreta a gefe guda salansa a ɗaya gefen. Silinda huɗu ne, cc 1,770, faɗin silinda milimita 85, tafiyar fistan 78, bulok na ƙarfe, top na alminiyon, kuma kam ɗinsa a ƙasa yake cikin bulok yana tura sanduna zuwa sama kamar dai injinan Amurka na da. Ƙanensa 2T-C mai cc 1,588 shi aka riƙa kawowa nan tun 1971, shi kuma 3T-C a Corolla ta 1980 zuwa 1982 ake samunsa.

Wanda ya sayar min ya rantse min cewa injin lafiyarsa ƙalau, ajiye motar kawai akayi. Da na kawo gida na zare fulogi na uku sai naga tsatsa, na sauke top naga ruwa ya kwanta a silindar har ya ci bangonta, gaskit ya ƙone tsakanin ta biyu da ta uku. Raina ya ɓaci sosai ranar, don da ya faɗa min gaskiya da zan saya a hakan, sai dai in san da me na dawo gida. Amma a nan ne kuma na fara ganin ingancin abin. Kuranshaf ɗin yana zaune kan beyarin biyar, na kai aka auna ba a ma yanke shi ba, gogewa kawai akayi. Bulok aka ɗan rarake, aka saka sabbin fistan da ringi, top aka share fuskarsa. Lokacin da na kifa top ɗin a kan benci na wanke shi da fetur, ƙwaryoyin nan huɗu suka fito fes suna ƙyalli, bawul biyu a kowacce kamar idanu, na kira babban ɗana nace zo ka gani, ka saka yatsa ta ramin shigar mai ka ji yadda ya miƙe. Yace Abba ai har ina hango haske ta ɗaya ɓangaren. Na daɗe ina juya top ɗin nan a hannu kafin in mayar.

Wajen dasawa bai ba ni wahalar da na zata ba. Gajere ne, ya zauna tsakanin lagireto da bangon gaba ba tare da na yanka bodi ba, kujerun inji kawai na yi masa da walda. Giyabos ɗinsa na asali na bari, T50 mai giya biyar, siririya ce, kuma wannan ba ƙaramin abu bane a Model T domin wajen ƙafa a motar nan ko tabarmar sallah bai kai faɗi ba, a nan zaka cusa kuloci da birki da totur da sandar sitiyari. Masu V8 da yawa otomatik suke sakawa saboda babu inda feda ta uku zata zauna. Ni nawa ukun sun zauna, duk da sai da takalmi mara faɗi nake tuƙi.

Abin da ya cinye min lokaci ƙananan abubuwa ne. Injin duk milimita ne, sifana 10 da 12 da 14, sauran motar kuma inci ce, kullum akwatin sifana biyu ne a buɗe a gabana. Sai wani abu da nake so duk mai niyyar wannan aikin ya riƙe: ramin da ake ɗaura na'urar auna ƙarfin baƙin mai a bulok ɗin Toyota, zarensa irin na Ingila ne mai 28 a inci, agogon da zaka saya a shagon Amurka kuma zarensa 27 ne. Da ido ba zaka taɓa banbance su ba, zai shiga ya juya sau biyu uku kamar ya zauna. Haka na ɗaura, sati biyu ina ganin ɗigon mai a ƙasan gareji ina zargin sil, ina zargin fan ɗin mai, ashe daga nan ne yake tsattsafowa. Ɗan adafta na kuɗi kaɗan ya kashe maganar, amma da na ƙara matsawa da ƙarfi da na ɓata zaren bulok ɗin.

Yadda ya fito daga kamfani ƙarfinsa bai wuce doki 75 ba, domin harafin C ɗin nan na ƙarshen sunansa alama ce ta kayan rage hayaƙi da aka lafta masa, robobi da bututai kamar taliya. Kabretarsa ta asali ta tsufa ba ta gyaruwa, na saka Weber 32/36, na saka kam mai ɗan zafi kaɗan, na yi masa salansa huɗu da suka haɗe a gefe. Ban taɓa kai shi an auna ba saboda haka ba zan kira lamba ba, abin da zan iya faɗa shi ne a mota mai wannan rashin nauyin ya isa har yayi yawa a wasu wuraren. Model T ɗin da doki 20 ta fito daga hannun Ford, kar a manta. Daga tsaye baya fizgarka kamar V8, a'a, sai allurar juyin inji ta wuce 3,000 a minti sannan zakaji ya buɗe ƙirji, daga nan har sama baya shaƙewa, a nan ne kake gane amfanin ƙwaryar. Da aksul 4.10 a baya da dogayen tayoyi, a giya ta biyar ina tafiya mil 65 a awa injin yana wajen 2,700, hankalinsa kwance. Kwana kuwa ita ce daɗin motar, hancin ba nauyi, da yatsu kake juya sitiyari.

Zafi shi na fi jin tsoro, don duk wanda ya san Agustan Teksas ya san ba wasa, ga lagireton Model T ɗan tsiriri. Sau ɗaya tak ya tafasa min, a go-slow, kuma laifin fanka ne da na saka ƙarama. Tunda na canja ta ban sake ganin allura ta haura ba. Mai kuwa, rabin abin da abokaina masu V8 ke sha nake sha in mun fita tare, su tsaya gidan mai sau biyu ni sau ɗaya.

Yanzu ga inda bai gamsar da ni ba. Ƙara. Duk yadda ka gyara salansa silinda huɗu silinda huɗu ce, ba zaka samu rugugin nan mai dukan ƙirji da V8 ke yi a sulo ba, nawa ƙararsa ta fi kama da ta babban babur. Akwai ranar da wata Ford ta 1932 mai tsohon injin Chrysler ta tsaya kusa da ni a danja, ƙasa har rawa take, gaskiya naji wani abu a raina. Yana da karkarwa kuma, tsakanin 3,500 da 4,000 madubi baya nuna komai. Sai kayan gyara, wanda shi ne babban abin damuwata. Da ana cewa injinan nan ko'ina ka shiga wajen 'yan gwangwan zaka tarar da su a zube, yanzu ba haka bane, Corollar ta haura shekara 40, waɗanda tsatsa bata cinye ba masu tsere sun kwashe. Fulogi, fanbel, famfon ruwa, gaskit, waɗannan ana samu. Amma top mai lafiya, ko sandar roka, ko distiributa ta asali, sai ka yi wata da watanni kana cigiya. T50 ɗin ma ba ta son wulaƙanci, in kana da niyyar turbo ka nemi wata giyar tun wuri.

Mutane kuma kashi biyu ne a wajen taron motoci na safiyar Asabar. Akwai masu leƙowa daga nesa su ga murfin su taho da sauri, su ƙirga wayoyi su ga huɗu ne, su tambaya, in nace Toyota sai fuska ta canja su wuce. Wasu har su faɗa maka a ido cewa injin Japan bashi da hurumi a cikin Ford. Abin yana min ciwo, domin ni na san hot rod ɗin farko da silinda huɗu aka fara shi, injinan Model T da Model A yaran nan suke gyarawa kafin V8 ɗin Ford na 1932 ya yi arha ya iso hannunsu, abin da aljihunsu ya iya saya shi suka saka. Kuma ko top ɗin Ardun da ake taƙama da shi, wanda ya mayar da wancan V8 ɗin na Ford, da ake kira flathead, ya zama hemi a ƙarshen shekarun 1940, Zora Arkus-Duntov ne da ƙanensa suka yi shi, baƙi ne da suka zo daga Turai. Wani dattijo mai farin gemu ya taɓa durƙusawa a gaban motar kusan minti goma yana bin bututun mai da ido, da ya miƙe sai ya tambaye ni da kaina na haɗa, nace eh, ya miƙo min hannu muka gaisa ya tafi. Har yau ina tuna shi.

In motarka mara nauyi ce, T ko Model A mara fenda, kuma hawa kake so ka yi kullum, ni dai zan ce ka saka, amma ka sayi biyu in ka samu, ɗaya a mota ɗaya a ajiye. In kuwa babbar mota ce mai rufi ta shekarun 1940, ko kuma rugugin ne ya kawo ka, kar ka ɓata kuɗinka, zai yi maka kaɗan kuma kullum zaka riƙa jin haushinsa a banza. Nawa na biyun yana nan ƙarƙashin benci na shafe silindojin da baƙin mai na naɗe da leda. Na cikin motar kuma ya fara ɗan ƙas-ƙas ta sama in ya ɗumama, Asabar ɗin nan in Allah ya kaimu zamu buɗe murfin ni da yaron mu saita bawul, tazarar milimita 0.20 na shiga 0.33 na fita, da zafinsa, wannan karon shi zai riƙe gejin.