Shekara huɗu ina kai 'yata cibiyar masu lalurar Apert a Ingila

An haifi 'yata da yatsun hannu da na ƙafa a manne, goshi ya yi tsawo, idanu sun ɗan fito. A makon farko likita ya faɗa mana sunan lalurar: Apert, sunan likitan Faransa da ya bayyana ta a 1906. Mahaɗan ƙasusuwan kai ne ke rufewa tun jariri na ciki, ƙwaƙwalwa ta rasa wurin girma yadda ya kamata.

A Ingila cibiyoyi huɗu ne hukumar lafiya ta NHS ta ware wa irin wannan, a Landan, Oxford, Birmingham da Liverpool. Ɗaya daga cikinsu aka tura mu, kuma ba mu taɓa biyan ko sisi ba.

Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne ranar ganin likitoci. Ɗaki ɗaya ake shigar da mu, ga likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, ga mai gyaran fuska da hannu, ga na kunne da maƙogwaro, na ido, na haƙori, da mai koyar da magana. A gabana suke shawara. Da munsharinta ya tsananta, nan take suka amince a yi gwajin barci kafin a sa ranar raba yatsu, don a tabbatar numfashinta zai ɗauki allurar barci. Akwai kuma nas guda da ke riƙe da komai namu. Ita nake kira in yarinyar ta tashi da amai ko ciwon kai, ta gaya min na jira ne ko na gaggawa.

Likitar cututtukan da ake gada ce ta share min hawaye. Ta ce canji ne a ƙwayar halitta mai suna FGFR2, yawanci haka kawai yake faruwa. "Ba abin da kika ci ba ne," in ji ta. A ranar na kira Hajiya a Zariya na maimaita mata kalma-kalma, don maganganu sun yi yawa a dangi.

Matsala akwai. Tafiyar awa uku ce a jirgin ƙasa, sau biyu an ɗage mana tiyata saboda rashin gado bayan yarinya ta kwana da yunwa, kuma taron baƙin fuskoki na firgita ta.

An buɗa mata ƙoƙon kai kafin ta cika shekara, an raba yatsun a tiyata biyu. Gyaran tsakiyar fuska sai ta ƙara girma. Yanzu da kanta take riƙe cokali, Alhamdulillahi, tuwo ma da hannu take ci.