Dubai ko Ingila? Amsata ga Injiniya

Injiniya, ka koma Ingila, tunda fasfon Birtaniya gare ka. In an tashi makaranta a ƙarshen zangon nan, ka tattara iyalinka, yarinyar nan ta fara aji na 10 a Ingila a watan Satumba. Ka ce tun da kuka dawo hutu daga Manchester zuciyarka ta rabu biyu tsakanin ci gaba da zama a Dubai da komawa, kuma babbar 'yarka shekararta 13. To a wurina shekarun nata ne suka raba gardama.

Abin da ya same ka ba kai kaɗai ba ne. Turawan Ingila da na yi aiki da su a Dubai, duk watan Satumba gida biyu suke rabuwa. Wasu su dawo suna cewa ƙasar ta lalace: tituna duk ramuka, shagunan tsakiyar gari da yawa a rufe, jirgin ƙasa ga tsada ga makara, likitan unguwa kuwa sai ka fara buga waya tun ƙarfe takwas na safe kafin ka samu layi. Wasu kuma su dawo jiki a sanyaye. Sun ga ciyawa kore shar, sun ga tsohuwa ta fara dogara sanda, sun ga 'ya'yansu suna guje-guje da 'yan'uwansu a fili har bayan ƙarfe takwas rana ba ta faɗi ba. Dukansu gaskiya suka gani. Sai dai sun gan ta ne da albashin Dubai a aljihu da tikitin komawa a waya, kuma a watan da Ingila ta fi daɗi, Dubai ta fi zafi, lokacin da ma'auni ke kai 45 mutum bai isa ya taka daga mota zuwa masallaci bai jiƙe sharkaf ba. Da a Disamba ka je, da ka tarar ana kiran magariba kafin ƙarfe huɗu a Manchester, mutanen Dubai kuwa suna gashin nama a bakin teku. Don haka ka ajiye maganar yanayi gefe, kowacce tana da watannin da za ka tsane ta.

A kuɗi Dubai ce a gaba, wannan ba na musu. Babu harajin albashi, harajin kaya kashi 5 ne tun 2018, na Ingila kashi 20. A Ingila fam 12,570 na farko ne kawai ba a taɓawa. Daga nan kashi 20 har zuwa fam 50,270, abin da ya haura a cire kashi 40 ko fiye, ban da kuɗin National Insurance, wato gudummawar fansho da walwala da ake cirewa a albashi. Ga harajin ƙaramar hukuma, wanda ko ɗan ƙaramin gida a Manchester ya wuce fam 1,000 a shekara, ga kuɗin gas na ɗumama gida wata biyar ko shida. Ranar da ka ga takardar albashinka ta farko sai ka yi salati. Amma ku zauna da uwargida ku buga lissafin abin da ke saura a ƙarshen shekara. Hayar da kake biya da cek biyu ko huɗu, kashi 5 na hayar da ake sake karɓa ta takardar wuta da ruwa, Salik wato kuɗin bin manyan titunan Dubai, tikitin hutun kowa da kowa, da uwa uba kuɗin makaranta, wanda kullum yaro ya ƙara aji shi ma sai ya ƙaru. Na san mutane da yawa masu albashi mai kauri da suka bar Dubai ba su da komai sai giratuti, shi kuma albashin kwana 21 ne a kowace shekara cikin biyar na farko, kwana 30 a kowace shekara bayan nan, kuma a kan tsurar albashi ake lissafa shi ban da alawus.

Yanzu maganar yarinya. Jami'ar Ingila ba ta kallon launin fasfo kaɗai. Kafin a ɗauki ɗalibi a matsayin ɗan gida, sai ya zama yana zaune a ƙasar shekara uku cur kafin ranar 1 ga Satumba ta shekarar da zai fara karatu. Ɗan gida a shekarar karatu ta 2025/26 fam 9,535 yake biya, kuma gwamnati tana ba shi bashin da ba zai fara biya ba sai ya kama aiki albashinsa ya kai wani mataki. Wanda aka lissafa a baƙo yakan biya ninki biyu ko uku, likitanci ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma babu bashin gwamnati, daga aljihun uba ne. Akwai ƙofar cewa zaman waje na wucin gadi ne saboda aiki, amma kowace jami'a ita ke yanke hukuncinta, wata ta yarda wata ta ƙi, kuma iyalin da suka daɗe a waje ba su da gida a can hujjarsu ba ta da ƙarfi. Na ga wani Bature abokin aikina yana tara tsofaffin tikitin jirgi da takardun banki a jaka don ya gamsar da jami'a cewa ɗansa ɗan gida ne. In ka ce bari ka ƙara shekara biyu ko uku ka tara kuɗi, za ta koma tana da 16, shekara biyu ta rage mata, lissafi ya ɓaci. Sannan karatun GCSE, jarrabawar da yara ke yi suna da shekara 16, shekara biyu ne a haɗe, aji na 10 da na 11. Cire yaro a tsakiyarsu zalunci ne, domin makarantar da zai je ba lallai hukumar jarrabawarsu da littattafansu su zo ɗaya da na inda ya baro ba.

Ko babu wannan ma, baƙo raɓa ne. Bizarka a Dubai tana rataye da aikinka, ranar da kamfani ya ce an gode, an fara ƙirga maka kwanaki. Bizar zinare ta shekara 10 da aka fito da ita a 2019 ta rage wannan fargaba ga mai gidan dirhami miliyan 2 da wasu masu sana'o'i, amma biza ce, sabuntawa ake yi. Yaron da aka haifa a can ba zai zama ɗan ƙasa ba. Kuma wanda aka haifa maka a waje ya gaji zama ɗan Birtaniya daga gare ka, amma shi ba zai gadar wa nasa ɗan kai tsaye ba in shi ma a waje ya haife shi. Mutane ba sa tuna wannan sai jika ya zo.

Ni abin da na mallaka a duniyar nan da na fi gode wa Allah a kansa shi ne wani ɗan gida na jan bulo a Manchester, irin masu manne da juna a jere, ɗaki biyu da falo da wani tsukukun ɗaki a sama. Ba shi da kyan da za a ɗauka a hoto. Da sanyi tagoginsa suna zufa, kowace safiya sai an bi su da tsumma. A bayansa akwai ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, nan uwargida take shuka alayyahu da tumatir a bokitai in bazara ta shigo. A ƙarshen Yuli da farkon Agustan 2024, lokacin tarzomar da ta biyo bayan kisan wasu yara a garin Southport, aka kai wa masallaci hari a can, aka far wa otal ɗin masu neman mafaka a Rotherham, mata masu hijabi suka daina fita a unguwarmu. Da yamma muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwar Baturiya mai fama da ciwon gwiwa, riƙe da biro da bayan ambulan. Ta ce uwargida ta faɗa mata abin da take buƙata a kasuwa ɗanta zai sayo, kada ta fita. Ta rubuta madara, ta rubuta burodi, ta tambaya wane shago ne muke sayen naman halal. Washegari ledoji suna bakin ƙofa, ta ƙi karɓar kuɗin mai. Wannan makon ya nuna mini mummunar fuskar ƙasar, ba zan ɓoye maka ba, akwai masu ƙin mu kuma ba su ɓuya ba. Amma a ƙofar gidana nake tsaye, da sunana a takardar mallaka, babu mai soke mini zama.

Dubai kuwa tana da tsaro, tana da tsabta, kana jin kiran salla har cikin kanti, ran Juma'a ana tashi da wuri. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Kada ka je da tunanin komai zai zo da sauƙi. Layin jiran aiki a asibitocin gwamnati na NHS a Ingila ya haura miliyan 7.7 a 2023, wanda ya saba da katin inshorar Dubai, yau ka ga likita gobe a yi hoto, zai sha mamaki. Larurar gaggawa suna yi da kyau kuma ba a tambayarka kati, ciwon gwiwa da na baya ne ake jira wata da watanni. Ka kuma sani, yanzu da kake zaune a waje, in ka je hutu aka kwantar da kai ana iya cajinka kashi 150 na kuɗin aikin duk da fasfonka, sai ka dawo da zama haƙƙinka yake dawowa. Tarbiyya ma aikinku ne ku biyu. A unguwannin Cheetham Hill da Longsight na Manchester ba a rasa masallaci da Islamiyyar yamma da mahauta, amma ba wanda zai tashi yaro sallar asuba in ba ku ba. In kuma uwargida har yanzu da koren fasfo take, fara da wannan tun yau: daga Afrilun 2024 sai mai gida ya nuna albashin fam 29,000 a shekara, ko ajiyar fam 88,500 da ta yi wata shida a banki, ga kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekarar biza. Mai dawowa daga waje, in da albashi zai dogara, sai da takardar ɗaukar aiki a Ingila wanda zai fara cikin wata uku da saukarsa. Ke nan neman aiki ne farko, kafin neman gida.

Ka shiga shafin gwamnati ka duba shekarunka na National Insurance. Cikakken fansho yana son shekara 35, ƙasa da 10 ba ka da komai. Wanda kuma ya tsufa a Dubai ko ya koma Najeriya, fanshon nasa a kan adadin farko yake tsayawa, ba a yi masa ƙarin shekara-shekara da ake yi wa na gida.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. Da zarar an ji kana shirin tafiya, masu kwat da turare za su fara kiranka shan kofi. Abu ɗaya da na saya a Dubai nake takaicinsa har yau shi ne wani adashen shekara 25 da irin waɗannan suka sayar mini, wanda zubin farkon gaba ɗaya ladan dillali ne, da na tashi fita ko rabin abin da na zuba ban gani ba. Kada ka sa hannu a duk abin da zai ɗaure ka shekaru. Masu cewa ka kwashe fanshonka na Ingila ka kai wani tsibiri, ka tambaye su harajin kashi 25 da aka sa wa irin wannan kwashewar tun 2017, ka kuma nemi sunansu a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan masu harkar kuɗi a Birtaniya. In babu, ka tashi ka bar musu kofinsu. Sai masu baje kolin gidaje a otal, suna nuna hoton benen da ba a gina ba a Liverpool ko Manchester, da alkawarin haya tabbatacciya. Gine-gine irin waɗannan da yawa sun tsaya a rabi da kuɗin mutane a ciki, waɗanda aka gama kuma kuɗin hidimar shekara yana cinye hayar. Kada ka sayi gidan da ba ka shiga da ƙafarka ka shaƙi warin bangonsa ba. Ka nemi wanda ƙasarsa ma taka ce, ba na haya mai dogon wa'adi ba, ka ɗauki lauyanka da mai duba gini naka, ba wanda dillali ya kawo ba. Wanda ya saya yana zaune a waje ana ƙara masa kashi 2 a harajin sayen gida tun Afrilun 2021. Ka kama haya shekara guda kusa da makarantar da kake so, tunda ƙaramar hukuma da adireshi take raba gurbi, sannan ka saya a tsanake. Akwai bankunan da ke yin tsarin musharaka ga mai gudun riba.

Kafin a soke bizarka ka biya katin bashi da bashin mota ka karɓi takardar shaida, don banki yakan riƙe asusu in ya ga kuɗin sallama ya shigo alhali akwai bashi a kai. Ka karɓi wasiƙar kamfanin inshorar mota da ke nuna shekarun da ka yi ba haɗari, da sakamakon yara na shekara biyu. Shekarar haraji a Ingila 6 ga Afrilu take farawa, kai kuma a tsakiyarta za ka sauka, don haka ka ga akanta kafin a biya ka giratuti, ya faɗa maka ranar da ya kamata kuɗin su shigo. Ka gaida uwargida da yara.